Idan babu sanda a kan tebur, zaman majalisa ya ɓaci ke nan?

Ɗan_Kanwuri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Ana yawan cewa duk zaman da Majalisar Dattawa ta yi babu sanda a kan tebur zaman banza ne, ko da sanatoci 109 duk suna ciki. In haka ne, ashe mutumin nan da ke saɓo sandar a kafaɗa ya fi kowane ma'aikaci nauyi a ginin. Wane ne shi, wa ke ɗaukarsa aiki, kuma ina ya bambanta da wanda ake kira akawun majalisa?

Lauya_RunjinSambo:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka buɗe tsarin mulkin 1999 daga bango zuwa bango, ba za ka ga inda aka ambaci sanda ba. Abin da ya gindaya shi ne adadin mahalarta da wanda zai jagoranci zama. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku na dukkan 'yan majalisar, wato sanatoci 37 a Majalisar Dattawa, wakilai 120 cikin 360 a ta Wakilai. Sashe na 53 ya faɗi masu jagoranci. Akawu kuwa sashe na 51 ne ya kafa kujerarsa da sunanta. Sanda ta shigo ne ta ƙofar sashe na 60, wanda ya ba kowace majalisa ikon tsara ƙa'idojin zamanta, sai kuma al'adar da aka gada daga Ingila.

Baba_Gwadabawa:
Lauya, Allah shi ƙara basira, amma kada ka rena wanga abu. Mu nan mun san sandar girma. Ko an zaɓi sarki, ba a cewa magana ta ƙare sai ran da anka miƙa mai sanda gaban jama'a. Itacen ba shi da ƙarfin komi, amma shi ka nuna inda iko yake. Hakanan wagga take.

Lauya_RunjinSambo:
Baba, ranka ya daɗe, ban rena ta ba. Cewa na yi alƙali ba ita zai fara tambaya ba.

Malama_Mabera:
Bari in fara amsa tambayar farko kafin a yi nisa. Mai saɓo sandar ma'aikaci ne na sashen Sajan Majalisa. Sashe ne guda mai ma'aikata da yawa, maza da mata, kuma akan ɗauko tsohon babban hafsan soja ya shugabance shi. Ranakun zama su ne Talata, Laraba da Alhamis. Idan shugaba zai fito daga ofishinsa, sajan ne a gaba da sanda a kafaɗa, shugaba na biye, sauran shugabannin majalisa a bayansa. Da an shigo kowa zai miƙe. Sajan ya ajiye sandar a kan matokaranta na sama a teburin da ke tsakiyar zaure, shugaba ya karanta addu'ar buɗewa, wadda aka tsara lafazinta yadda Musulmi da Kirista za su iya cewa amin, sannan a duba bayanin zaman da ya gabata a amince da shi.

Matokaran nan hawa biyu ne, kuma a nan ne mai kallon talabijin zai gane me ake ciki. Sanda a sama na nufin majalisa na cikakken zama. Idan aka koma kwamitin majalisa gaba ɗaya don bin ƙudiri sashe bayan sashe, sajan zai zo ya sauke ta zuwa hawan ƙasa, shugaba ya sauko daga babbar kujera zuwa ta ƙasa, daga nan ciyaman ake kiransa. A Majalisar Wakilai mataimakin kakaki ne ke riƙe wannan kwamiti. Da an gama, a mayar da sanda sama, shugaba ya hau kujerarsa ya ba majalisa rahoton abin da kwamiti ya yi, duk da cewa mutanen su ne dai ba su motsa ba.

Sani_GidanIgwai:
Wato mutum ya ba kansa rahoto. Wannan ai wasan kwaikwayo ne.

Malama_Mabera:
Ƙanena, akwai dalili. A cikakken zama ana takaita yawan tashin mutum kan batu guda, a kwamiti kuwa ana sassautawa don a iya gyara kalma ko lamba a koma a sake gyarawa. Kuma abin da kwamiti ya yanke bai zama na majalisa ba sai an koma cikakken zama an karɓe shi. In aka tsallake wannan mataki aka wuce zuwa karatu na uku, wato na ƙarshe kafin a zartar da ƙudiri, an bar ƙofar da lauya zai shiga.

Malam_Arkilla:
Game da da'awar Ɗan_Kanwuri, ai an gwada ta a aikace. Ranar 18 ga Afrilun 2018 wasu 'yan daba suka kutsa zauren Majalisar Dattawa ana tsakiyar zama, mataimakin shugaban majalisar na lokacin, Ike Ekweremadu, na jagoranta, suka sure sandar suka fice da ita. Me ya faru? Aka ɗauko ta ajiya aka ɗora, zama ya ci gaba a ranar. Washegari 'yan sanda suka ce sun tsinci waccan a ƙarƙashin gada kusa da ƙofar shiga Abuja. Babu wanda ya ce ɓarayin sun zama majalisa don sanda na hannunsu.

Baba_Gwadabawa:
To Malam, ka kawo mani hujja da bakinka. In ba ta da amfani, don mi sunka tsaya neman wata kahin su ci gaba?

Malam_Arkilla:
Haka ne Baba, wannan kam ka kama ni. Ƙa'idarsu ce ta ce a yi da ita, dole su bi. Amma ka lura, kowace sanda majalisa ta amince da ita ta wadatar.

Lauya_RunjinSambo:
Ga misalin da ya fi fito da abin. A Janairun 2006 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan sun fara shirin a wani otal a Ibadan. A Disamban shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe tsigewar. Abin da aka auna shi ne inda aka zauna, yawan waɗanda suka zauna, da matakan sashe na 188. Shi ya sa nake mamakin 'yan majalisun jihohi da ke kokawa kan sanda duk ran da za a tsige kakaki, kamar wanda ya riƙe ta ya riƙe hukunci.

Tarihi_Wurno:
Kokawar nan tsohuwa ce. A watan Mayun 1962, lokacin rikicin Awolowo da Akintola, an fasa sandar majalisar Jihar Yamma a Ibadan cikin dambe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa a zaure, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sa dokar ta-ɓaci a yankin. A 2013 ma a majalisar Ribas an ga ɗan majalisa na dukan ɗan'uwansa da sanda har jini. Abin dariyar shi ne asalinta ma kulki ce. Dogaran sarkin Ingila ne ke riƙe ta don kama masu laifi, kuma tun 1415 majalisar wakilansu ke da sajan nata. Daga baya aka yi mata ado ta zama alama.

Hajiya_Minanata:
Ni abin da ya ɗaure min kai a labarin 2018, ina su sajan ɗin suke har aka fita da ita? Ba aikinsu ba ne tsaro?

Malama_Mabera:
Aikinsu ne Hajiya, amma ba sa riƙe bindiga. Su ne ke tsaron ƙofofin zaure, su tantance baƙi masu hawa benen 'yan kallo, su fitar da kowa idan za a yi zaman sirri, su raka ɗan majalisar da shugaba ya umarta ya fita, su rufe ofishin wanda aka dakatar. Masu makamai a harabar 'yan sanda ne da jami'an DSS, su kuma ba daga shugaban majalisa suke karɓar umarninsu na ƙarshe ba, daga ɓangaren zartarwa ne. Nan ne raunin yake.

Bello_Tambuwal:
Wannan rauni kam an gan shi ƙuru-ƙuru ranar 20 ga Nuwamban 2014, lokacin da Aminu Waziri Tambuwal na kakaki, makonni kaɗan bayan ya bar PDP. 'Yan sanda suka rufe ƙofa, wakilai suka riƙa haura ƙyaure, aka harba hayaƙi mai sa hawaye. Haka a watan Agustan 2018 jami'an DSS da fuska a rufe suka tare ƙofar, har Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar. A duka biyun sajan na nan, sanda na nan, amma an tare wa mai gida ƙofar gidansa.

Ɗan_Kanwuri:
Na gode. To a dawo kan akawu. Ni da na ɗauka mai lissafin kuɗi ne.

Tsohon_Malamin_Yabo:
A'a ɗana, wancan akanta ne. Shi ya sa wasu suka fi son a ce magatakardan majalisa. Shi ne shugaban dukkan ma'aikata, kuma shi ke amsa tambaya kan kuɗin gudanar da majalisa. A ƙarƙashinsa akwai mataimakinsa, akwai akawun Majalisar Dattawa daban, akawun ta Wakilai daban, sai sakatarorin manyan sassa kamar kuɗi, shari'a, ma'aikata da bincike. Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisar Tarayya ce ke naɗa su, ba hukumar ma'aikatan gwamnatin tarayya ba, don kada ɓangaren zartarwa ya riƙe wuyansu.

Ranar da girmansa ya fi bayyana ita ce ranar buɗe sabuwar majalisa, domin a safiyar nan babu shugaba, babu kakaki, kowa zaɓaɓɓe ne kawai. Akawu ne ke zama a gaba. Zai karanta takardar shelar shugaban ƙasa wadda sashe na 64 ya tanada, a kira sunaye jiha-jiha bisa jerin haruffa, daga Abiya, mu 'yan Sakkwato sai can kusa da ƙarshe. Kafin ranar kowa ya riga ya kai takardar shaidar cin zaɓe ta INEC. Sai ya nemi a gabatar da ɗan takara, wani ya goyi baya, wanda aka gabatar ya tashi ya ce ya karɓa. In mutum ɗaya ne a bayyana shi, in sun fi haka a yi ƙuri'a. Sashe na 52 ya yarda zaɓaɓɓu su yi wannan zaɓen tun ba su yi rantsuwa ba. Shugaba da mataimakinsa a gaban akawu suke rantsuwa, sauran kuma a gaban shugaba. Duk tsawon wannan lokaci sanda na hawan ƙasa, sai sabon shugaba ya zauna a kujera ake ɗaga ta.

Bello_Tambuwal:
Kuma a buɗe majalisa ta 10, ranar 13 ga Yunin 2023, ɗan jihar nan ne ya yi wannan aiki, Sani Magaji Tambuwal. A gabansa Akpabio ya samu ƙuri'a 63, Abdul'aziz Yari 46. A Majalisar Wakilai Tajuddeen Abbas ya samu 353, kuma can a fili aka yi, kowa ya faɗi wanda ya zaɓa, saɓanin dattawa da suka jefa a asirce. Sani Magaji ya yi ritaya a farkon 2025, Kamoru Ogunlana ya gaje shi.

Malam_Arkilla:
Wanda ke son ya san nauyin kujerar ya tuna 9 ga Yunin 2015. Sanatocin APC da dama suna babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa suna jiran ganawa da Buhari, akawu Salisu Maikasuwa ya buɗe zama a kan lokacin da shela ta faɗa da mutum 57 da ke zaure, aka zaɓi Saraki babu hamayya. 57 ya haura 37, magana ta ƙare. Rigimar da ta biyo baya ma ba kan sanda aka yi ta ba, kan littafin ƙa'idojin da aka yi aiki da shi ne, aka ce an sauya shi. Har an kai shugabannin da akawun kotu a 2016, daga baya gwamnati ta janye ƙarar.

Sani_GidanIgwai:
Ni dai ina ganin da ya jira su. Gaggawar me ake yi?

Lauya_RunjinSambo:
Da ya jira, ɗaya ɓangaren zai ce ya bi umarnin jam'iyya. Takardar da ke hannunsa shela ce mai rana da lokaci, taron jam'iyya ba ya cikinta.

Malama_Mabera:
Akwai aikin akawu da ya fi na ranar buɗewa haɗari, kuma kyamara ba ta ganinsa. Idan majalisun biyu suka zartar da ƙudiri da lafazi daban, akan kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita, kowace majalisa ta amince da rahoton. Daga nan sashen shari'a zai fitar da kwafi mai tsabta wanda ya haɗa duk gyare-gyaren. Dokar tantance dokoki, wadda aka yi a 1961, ta ɗora wa akawu ya sa hannu ya shaida cewa wannan kwafi shi ne ainihin abin da aka zartar, ya haɗa da jadawalin da ke nuna sunan ƙudirin, taƙaitaccen abin da ya ƙunsa, da ranar da kowace majalisa ta zartar. Shi ake kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya sa, a ba dokar lamba, maɗaba'ar gwamnati ta buga kwafi uku a takarda mai ƙarko: ɗaya wurin akawu, ɗaya fadar shugaban ƙasa, ɗaya Kotun Ƙoli.

Inda ake samun matsala shi ne tsakanin teburin zaure da wannan kwafi. An yi gyara da baki cikin hayaniya, shugaba ya buga guduma, akawun tebur bai kama lafazin daidai ba. Ko an goge wani sashe amma ba a gyara lambobin sassan da ke nuni gare shi ba. Ko an aika tsohon kwafi maɗaba'a.

Bello_Tambuwal:
Irin wannan ce Honorabul Abdussamad Dasuki, mai wakiltar Kebbe da Tambuwal, ya tayar a zaure a Disamban 2025, da ya ce dokokin harajin da aka buga a gazet, wato jaridar gwamnati ta buga dokoki, sun saɓa da abin da majalisa ta zartar. A irin wannan gardama babu mai tambayar ina sanda take ranar, takardu ake baje wa a gwada.

Hajiya_Minanata:
To da wace takarda ake gwadawa? Ai kowa zai ce tasa ce gaskiya.

Tsohon_Malamin_Yabo:
Takardu uku ne ke fita daga kowane zama, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai jadawalin zama, wanda kwamitin ƙa'idoji da tsara ayyuka ke shiryawa, shi ke nuna abin da za a yi yau. Akwai bayanin ƙuri'u da abubuwan da aka yanke, wanda akawunan tebur ke rubutawa, ba ya ɗauke da jawabin kowa sai hukunci, kuma shi ne ake amincewa da shi a zama na gaba shugaba ya sa hannu. Sai Hansad, wanda masu ɗaukar magana ke rubutawa kalma da kalma, suna karɓa-karɓa saboda ba mai iya riƙe zama guda shi kaɗai. Sunan ma na wani mai maɗaba'a ne a Landan da ke buga muhawarar majalisarsu a ƙarni na 19. In gardama ta tashi, takarda ta biyun ce hujja ta farko, Hansad kuma ya nuna yadda aka kai ga hukuncin. Shi ya sa minti biyun nan da ake cewa a duba shafi na ɗaya, shafi na biyu, kowa na hira, su ne lokacin da ya kamata ɗan majalisa ya buɗe ido.

Umar_Illela:
Tambaya a gefe. Duƙawar da suke yi in za su shiga ko fita, sandar suke duƙa wa? Abin na damun mutane a nan.

Malama_Mabera:
Kujerar shugaba ake gaisarwa, sai dai sanda na gabanta, shi ya sa ake ganin kamar ita ce. Yawanci sunkuyar da kai ne kawai. Shugaban ƙasa ma yana yi idan ya zo gabatar da kasafi a zaman haɗin gwiwa, wanda ake yi a koren zauren wakilai saboda ya fi jan zauren dattawa girma, shugaban dattawa na jagoranta, kakaki a gefensa. Hukuncin abin a addini kuwa na malamai ne, ba nawa ba.

Baba_Gwadabawa:
Wanga kam a bar ma malammai. Ni abin da nika so a ƙara, bulaliyar majalisa hwa? Shi ma ma'aikaci na?

Lauya_RunjinSambo:
A'a Baba, shi zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne da jam'iyya mai rinjaye ta ba muƙamin tsawatarwa. Shi zai ja hankali cewa wane ya karya ƙa'ida, shugaba ya yanke, sajan ya aiwatar. An ga jerin nan a Fabrairun 2025 kan kujerar Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan. Ƙa'idar dattawa ta ba shugaba ikon raba kujeru, kuma sanata daga kujerarsa kawai yake magana. Mai tsawatarwa Tahir Monguno ne ya tayar da batun, aka kai ga dakatarwar wata shida a watan Maris. Sajan ba shi da ta cewa a ciki, umarni yake bi.

Sani_GidanIgwai:
Su kuma hadiman da ke bin su da jaka?

Malam_Arkilla:
Waɗannan daban ne. Kowane ɗan majalisa na da gurbin hadimai biyar, shi ke zaɓo su, hukuma ta ba su takarda, majalisa ta biya su, kuma aikinsu na ƙarewa da wa'adin maigidansu. Ma'aikatan dindindin kuwa sai shekara 60 ko shekara 35 ta aiki. An zartar da ƙudirin ƙara musu zuwa 65 da 40, Tinubu ya ƙi sa hannu a 2024. Cikin na dindindin ɗin, wanda aka fi mantawa da shi shi ne akawun kwamiti. Shi ke aika takardar gayyata ga minista, ya shirya sauraron ra'ayin jama'a, ya karɓi takardun da ƙungiyoyi suka kawo, ya tsara daftarin rahoto. Duk ƙungiyar da ke son kai ƙorafi kan wani ƙudiri daga nan Sakkwato, ofishinsa za ta nufa da takardarta kafin ranar da aka sa a sanarwa.

Tarihi_Wurno:
Ƙarin bayani kan darajar akawu: Bature da ya riƙe kujerar kakakin Majalisar Wakilai a Legas kafin Jaja Wachuku, wato Frederic Metcalfe, tsohon akawun majalisar wakilan Ingila ne. An ɗauko shi ne saboda sanin ƙa'ida. A majalisar Arewa ta Kaduna kuma da Turanci da Hausa ake zama, don haka tafinta na cikin manyan ma'aikata. Yau sashe na 55 ya yarda a yi Hausa, Ibo da Yarbanci a Majalisar Tarayya, amma ya ce sai an yi tanadin da ya dace, wato tafintoci da masu rubuta Hansad a harsunan.

Ɗan_Kanwuri:
To yanzu in na fahimta, a majalisar jiharmu mai mutum 30, in goma suka zauna a zaure da kakaki da akawu, babu sanda, zaman ya yi?

Lauya_RunjinSambo:
Goma sun cika adadin sashe na 96. Rashin sanda karya ƙa'idar cikin gida ne, kowane mamba na iya tashi ya ja hankali a kai, kuma kakaki mai hankali zai dakata a kawo ta.

Baba_Gwadabawa:
Wato dai sai an kawo ta.

Lauya_RunjinSambo:
In an ja hankali, Baba. In ba wanda ya tashi, akawu ya rubuta, aka amince da bayanin a zama na gaba, wanda zai je kotu sai ya nemo sashen da aka karya.

Malama_Mabera:
Lauya, ƙara da cewa goman nan na zaman yau da kullum ne. Tsige kakaki sai kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi, wato 20 cikin 30, kuma rajistar da kowa ya sa hannu da safe tana wurin akawu.